Kiyashi da gatarin aradu

Ranar wata Talata, bayan an gama girbin hatsi, abu biyu suka shigo ajinmu tun ban buɗe littafi ba.

Na farko ba wanda ya kawo shi. Wani yaro ya ɓoye ƙuli-ƙuli cikin aljihu, guntu ya faɗi ƙarƙashin tebur. Kafin a fita shan iska, kiyashi sun kama hanya daga tsagar bango har wurin guntun, sun jeru kamar mata masu zuwa rijiya. Na biyu kuwa, wata yarinya ce ta kwanto shi daga bakin zanenta. Baƙin dutse ne mai sulɓi, bai kai tafin hannu tsawo ba, gefe guda yana da kaifi. Babanta ya tsince shi yana gina rijiyar garka cikin fadama.

— Malam, kakata ta ce gatarin aradu ne. Ta ce daga sama ya faɗo.

Mai ƙuli-ƙuli ya yi wuf ya ɗaga hannu, don a manta da laifinsa:

— Malam, wa ya gaya wa kiyashi akwai abinci a nan?

Na ce da su: Yara, ku rufe littafi, yau darasi ya kawo kansa. Kiyashi ba su magana, dutse ba ya magana, amma kowannensu ya bar alama. Maharbi in ya shiga daji ba ya tambayar zomo inda ya bi. Ƙasa yake dubawa. Ya san sawun zomo, ya san na dila, ya san sawun safe da na jiya. Masu binciken kimiyya haka suke aiki. Bari mu bi sawu biyun nan, mu ga inda za su kai mu.

Hanyar kiyashi

Ku durƙusa ku duba da kyau. Ba wani babba a gaba yana kiran saura. Amma kowane yana bin inda ɗan'uwansa ya bi, ko da hanyar ta yi kwana ba dalili. Ku duba kansu. Akwai ƴan ƙahonni biyu sirara, kullum suna taɓa ƙasa da su. Waɗannan ƙahonni su ne hancinsu.

Na sa yatsa na goge daɓen siminti a tsakiyar jerin, faɗin yatsa biyu. Ban kashe ko ɗaya ba, ban tare hanya da kome ba. Da kiyashi suka iso wurin sai suka tsaya cak. Wasu suka koma baya, wasu suka yi ta kai da komo kamar baƙon da ya ɓace ranar kasuwar Dogon Dutsi. Sai da aka jima wani ya yi ƙarfin hali ya ƙetare, jeri ya sake ƙulluwa.

To, mine ne na goge? Ido bai ga kome ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Kiyashin da ya fara samun abinci, in zai koma gida, yana tafe yana taɓa ƙasa da ƙarshen cikinsa. Yana barin wani ɗan ruwa mai wari, wanda hancinmu ba ya ji. Ƴan'uwansa suna jinsa da ƙahonninsu, su bi. Kowane ya sami abinci ya ƙara nasa a kan na farko, hanya ta yi ƙarfi. In abinci ya ƙare, ba mai ƙarawa, warin ya bi iska, hanya ta mutu.

Wani masani na ƙasar Amurka, Edward Wilson, ya tabbatar da haka a shekara ta 1959. Ya fiɗe cikin wani irin jan cinnaka na can, ya ɗebo ruwan wani ƙanƙanin ƙunshi da tsinke, ya ja layi da shi. Cinnakun suka fito suka bi layin har ƙarshensa, alhali ba abinci ko kaɗan. Ya kuma ga warin ba ya daɗewa: wajen minti 2 ya watse.

Ya yi wani gwaji mai ban dariya. In cinnaka ya mutu, bayan kwana 2 ƴan'uwansa sukan ɗauke shi su kai juji. Yaya suka san ya mutu? Gawar tana fitar da wani maiƙo, irin wanda ke cikin man gujiya. Wilson ya ɗiga maiƙon a jikin mai rai. Sai ga ƴan'uwansa sun ɗauke shi yana shure-shure, sun kai juji sun yar. Ya dawo, suka sake kai shi. Ba su ƙyale shi ba sai da ya lashe jikinsa fes.

In za ku yi gwajin yatsa a gida, ku yi da kiyashi, a kan daɓe ko bango. Tururuwa masu jan hatsi sun riga sun share babbar hanyarsu, ba su saurin ɓacewa.

Sunan abin

Wannan saƙo na wari da dabba ke aika wa ƴan'uwanta, sunansa feromon. Da Faransanci ana rubuta shi *phéromone*. A 1959 aka raɗa sunan, amma an daɗe ana neman abin.

Wanda ya fara bin sawunsa sosai malamin makaranta ne, Jean-Henri Fabre, mutumin kudancin Faransa, wanda ya rasu a 1915. Wata rana wata babbar malam-buɗe-littafi ta dare ta ƙyanƙyashe a ɗakinsa. Tamata ce. Ya kife ta da raga ya bar ta. Da dare gidan ya cika da maza irinta, wajen 40, suna shigowa ta taga. Cikin dare 8 ya ƙirga wajen 150. Cikin duhu, daga nesa, wa ya kira su? Ya sake gwadawa da wata iri. Ya kife tamatar da ƙwaryar madubi, yadda ana ganinta amma iska ba ta fita. Maza suka wuce ta, ko kallo ba ta ishe su ba, suka tafi suka taru a wurin da ta kwana. Ashe ba da ido suke nemanta ba.

Fabre bai iya kama abin a hannu ba. Wani Bajamushe, Adolf Butenandt, shi ya kama shi, bayan aikin shekara 20. Sai da ya tara matan malam-buɗe-littafi na tsutsar siliki wajen 500 000, ya tace, ya sake tacewa. Abin da ya samu bai kai nauyin ƙwayar shinkafa guda ba. Ku tuna da wannan ranar da lissafi ya gajiyar da ku bayan minti 10.

Zuma da bunsuru

Mu a nan Arewa mun san abin tun ba mu san sunansa ba.

Wanda ya taɓa raka mai ɗiban zuma ya sani: in ƙuda guda ya harbe ka, ka bar wurin, don saura suna tafe, kuma daidai inda na farko ya harba za su nufa. Ƙarin da ya bari a fatarka yana fitar da warin yaƙi. A 1962 masana suka gano ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikin warin nan, shi ne kuma ke cikin ƙamshin ayaba nunanna. Hayaƙin da mai ɗiban zuma ke busa wa amya yana rufe warin, saƙo ya ƙi isa. Babban ƙudan da ke cikin amya ma, wanda ake kira sarkin zuma, da wari yake mulki. Muddin ana jin warinsa, ba a renon wani a madadinsa. Amma fa ba sarki ba ne, tamata ce, ita ke yin ƙwai duka. Mu da muke da Sarauniya a Lugu, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Bunsuru kuma kowa ya toshe masa hanci. Amma makiyayi ya san in aka daɗe ba bunsuru cikin awaki, sa'an nan aka kawo shi, ba a jimawa awaki da yawa su nemi barbara kusan lokaci guda. A 2014 masana na jami'ar Tokiyo, a ƙasar Japan, suka ɗinka wa bunsuru hula ta musamman, suka tara iskar da ke fita daga fatar kansa. A ciki suka sami abin da ke tada jikin akuya. Shi kansa ƙamshin lemu gare shi. Sai ya haɗu da iska ya juye ya zama warin da muka sani.

Tarko a gonar hatsi

Wani zai ce: Malam, ina amfanin sanin warin ƙwaro? Ku zo mu tafi gona.

Kun san tsutsar kara. Takan shiga cikin karan hatsi ta cinye bargonsa. In hatsi ƙarami ne zuciyarsa ta bushe, in ya girma iska ta karya shi, ko zangarniya ta fito ba ƙwaya. Uwar tsutsar nan wata ƴar malam-buɗe-littafi ce ta dare, mai launin kara. Da rani tsutsar ba ta mutuwa. Tana kwance cikin busasshen kara, har cikin karan da muka yi darni da rumbu da shi. Ruwan farko ya sauka, ta yi fiffike ta fito. Shi ya sa gonakin bakin gari sukan fi shan wahalarta.

A Sadore, kudu da Yamai, akwai gidan binciken noma na ICRISAT. Cikin shekarun 1990 wani masanin ƙwari, Usman Yum, da abokan aikinsa na ƙasar Ingila, suka yi aiki a kan warin da tamatar ke kiran namiji da shi. Aka haɗa irinsa a ɗakin bincike. Aka sa ɗan kaɗan cikin wata ƴar roba, aka rataye ta bisa faranti mai ruwa da ɗan mai, aka yi masa inuwa, aka ajiye a gona. Da dare maza suka taho neman aure, suka faɗa ruwa. Da safe sai a ƙirga. In sun yi yawa, manomi ya san ƙwaro ya tashi, tun tsutsa ba ta shiga kara ba. Kuma namijin da ya nutse ba zai haifi tsutsa ba. Tarkon ba ya kashe zuma, ba ya sa wa kaji guba, don kowane ƙwaro warin danginsa kaɗai yake amsawa. Da tsutsar masara ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, irin wannan tarko aka yi ta kafawa don a san inda ta kai.

Mu koma ga dutsenmu

Alamar kiyashi minti kaɗan take yi ta ɓace. Akwai alamar da ke yin shekara dubbai tana jiran mai karanta ta. Ga guda a kan tebur.

Na ce da yarinyar: Kakarki abin da ta ji daga nata kakanni ta faɗa miki, kuma ba Hausawa kaɗai suka faɗe shi ba. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiransa dutsen aradu, suna ajiye shi cikin gida don tsari. Akwai dalili: bayan babban ruwa mai tsawa aka fi tsintarsa, don ruwa ya wanke ƙasar da ta rufe shi. A 1723 wani Bafaranshe, Antoine de Jussieu, ya ajiye irin wannan dutse kusa da gaturan dutse da aka kawo daga Amurka, inda mutane ke sara da su a lokacin. Ya ga abu guda ne.

Gani ya kori ji. Dutsen ya zagaya aji hannu da hannu. Bakinsa a wase yake ta fuska biyu, daidai wa daida. In ka karkata shi ga rana, za ka ga ƴan zane-zane sirara duk sun nufi waje guda, kamar na wuƙar da aka wasa a magagari. Gindinsa ya tsuke, yadda zai shiga ƙota. Hannun mutum ne ya yi wannan, a zamanin da ba a san ƙarfe ba tukuna.

Wane ne mutumin? Kada mu yi gaggawa. Tarihin da tsofaffi ke ba mu na Gubawa da Arawa, da zuwan ɗan sarkin Barno, na ɗaruruwan shekaru ne. Masu aiki da gatarin dutse kuwa, lissafinsu da dubbai ake yi. Ba su bar rubutu ba, ba maroƙin da ya riƙe sunansu. Masu binciken irin waɗannan mutane su ne masu ilimin tono, *archéologues* da Faransanci.

Ƙasar da suka zauna ma ba irin ta yau ba ce. Wanda ya hau dutse a Dogon Dutsi ya duba ƙasa zai ga faffaɗan kwari mai rairayi, da tudu ta kowane gefe. Shi ne Dallol Mawri. Ya biyo ta Matankari, ya ratsa Kore Mairuwa da Tibiri da Geshemi, ya gangara har kogin Kwara wajen Gaya. Ruwa ne ya gina shi sannu-sannu, a zamunan da suka fi namu damina. Har yanzu ruwan yana nan kusa a ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi, shi ya sa muke da garka da rogo da rake. Zamanin ruwa na ƙarshe ya kama daga wajen shekara 11 000 zuwa 5000 da suka wuce. A lokacin nan hamadar Sahara kanta ciyawa ce da tafkuna. Wurin da ya fi nuna haka cikin ƙasarmu Nijar yana can arewa maso gabas, nesa da mu.

Gobero

A shekara ta 2000 wata ƙungiya ta masana, a ƙarƙashin Paul Sereno na jami'ar Shikago, tana yawo cikin Tenere, gabas da Agadas. Ƙasusuwan dinozor suke nema, manyan dabbobin nan da ake gani a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Kada ku haɗa su da mutane: dinozor sun ƙare miliyoyin shekaru kafin a yi ɗan Adam. Mai ɗaukar hoto na ƙungiyar ya ɗan ware wajen wasu tuddan rairayi. Sai ga ƙasusuwan mutane a fili, iska ta tone su. Kewaye da su ga ƙashin dorina, ga na kada, ga na kifi, a wurin da yau ko tsuntsu ba ya samun ruwan sha.

Sunan wurin Gobero. A 2005 da 2006 aka koma aka yi tono, tare da masana na Nijar, Umaru Ide da Abdulay Maga. Aka ƙirga kabari wajen 200. A 2008 aka bayyana wa duniya abin da aka gani.

Tafki ne a da, kuma sau biyu mutane suka zauna a bakinsa. Na farko sun zauna daga shekara 9700 zuwa 8200 da suka wuce. Dogaye ne ƙarfafa, wasu sun kusa mita 2. Masunta ne da maharba. An sami mashin kifi da ƙugiya na ƙashi, da ƙashin giwan ruwa manya-manya, da tsingaron tukwane masu zane kamar igiyar ruwa. Sukan naɗe mamaci sosai, gwiwa a ƙirji, kafin su rufe shi. Ƙasusuwansu sun yi baƙi, don daga baya tafkin ya cika ya hau kan kaburburan.

Sai fari ya zo, na wajen shekara 1000. Tafki ya ƙafe, wuri ya zama kufai. Mu da muka ji labarin yunwar 1973 da ta 1984 daga bakin iyayenmu, mu yi tunanin farin da jika da tattaɓa-kunne ba su ga ƙarshensa ba.

Da ruwa ya dawo, mutane suka dawo, daga shekara 7200 zuwa 4500 da suka wuce. Waɗannan sun fi na farko gajarta da siranta. Suna su, suna farauta, kuma sun san shanu. Suna son ado. An sami wata yarinya, shekarunta wajen 11, sa'arku ke nan, da munduwa ta haƙorin dorina a damtsenta. An sami wani mutum ya ta da kai da tukunya.

Akwai kabari guda da ban taɓa karanta labarinsa cikin aji ba tare da aji ya yi tsit ba. Mace ce da yara biyu, ɗaya shekara 5, ɗaya shekara 8. An kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Masana suka ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashinsu, suka duba ta da madubi mai ƙara girman abu. Suka ga garin fure a dunƙule, irin wanda muke kira bununi a kan hatsi. Daga nan suka ce, ga alama a kan furanni aka shimfiɗe su. Shekara wajen 5300 ke nan. Wanda ya tsinko furannin ya daɗe da zama ƙasa, furannin ma haka, amma garinsu ya tsaya ya ba da shaida.

Yaya ake sanin shekarun?

— Malam, wa ya ƙirga? Ko ƙashin ne ya faɗi?

Kusan haka ne. Cikin iska akwai wani abu ɗan kaɗan, sunansa karbon 14. Tsiro yana shansa, akuya ta ci tsiro, mutum ya ci tsiro da akuya. Duk mai rai yana da shi a jiki. Ranar da ya mutu ya daina ƙarawa, wanda ke ciki ya fara raguwa. Kuma raguwar tana da ƙa'ida: bayan kowace shekara 5730, rabi ne ke saura.

Ku ɗauka akwai wata randa mai yoyo, wadda kullum rabin ruwan da ke cikinta ke zuba. An cika ta da lita 80. Gobe saura 40, jibi saura 20, gata saura 10. In ka leƙa ka ga lita 20, ka san kwana 2 ke nan da cika ta, ko ba ka nan aka cika. Haka ake auna ƙashi, da gawayi, da itace. Willard Libby na Amurka ya gano dabarar, ya bayyana ta a 1949. A 1966 Shek Anta Jop ya buɗe ɗakin irin wannan awo a Dakar, ƙasar Senegal. A Gobero zafi da ruwa sun ɓata ƙasusuwa, sai aka auna farin ɓawon haƙori, wanda ya fi kome tauri a jikin mutum.

Haƙori yana da wani labarin kuma. Ruwan kowace ƙasa yana ɗauke da ɗan gishirin duwatsunta. Yaro yana shan ruwa, yana cin abincin wurin, gishirin nan ya shiga haƙorinsa ya zauna har abada. Da aka auna haƙoran mutanen farko na Gobero, aka ga kusan duk alamar wuri guda gare su. Ashe ba mayawata ba ne, a bakin tafkinsu suka tashi, a nan suka tsufa.

Tsingaro ma yana magana. A kwarin Tilemsi, ƙasar Mali, an sami tsingaron da aka kwaɓa yumɓunsa da ƙaiƙayi. Wuta ta cinye ƙaiƙayin, amma siffarsa ta zauna cikin yumɓu. Aka duba, aka ga na hatsin noma ne, ba na daji ba, shekara wajen 4500. Furar da kuka sha da safe tana da tsohon asali.

To, dutsenmu fa, shekararsa nawa? A nan ne na ba yarinyar haushi. Dutse bai taɓa rai ba, ba ya da karbon 14 da za a auna. Ana sanin shekarunsa ta wurin maƙwabtansa: gawayin da ke kusa da shi, ko ƙashi, ko tsingaro, da zurfin ƙasar da yake kwance. Babanta ya ɗauko dutsen, ƙasar rijiya kuwa an watsar da ita cikin garka. Ba laifinsa ba ne, ruwa yake nema. Amma abin da yatsana ya yi wa hanyar kiyashi, shi haƙar rijiya ta yi wa hanyar dutsen nan.

Akwai masu goge hanya da gangan. A 1975 aka gano wata tsohuwar makabarta a Bura, wajen Tera. A 1983 Bube Gado, masani na cibiyar IRSH ta Yamai, ya yi tono a can bisa ƙa'ida. Ya sami tuluna fiye da 600 a kife, da kawunan mutane na yumɓu, da wani mahayi bisa doki, aikin da ya wuce shekara 1000. Da aka nuna su a Faransa cikin shekarun 1990, masu kuɗi na waje suka yi sha'awa. Dillalai suka bazu cikin ƙauyuka. Aka yi ta tono da dare, ana fasa goma don a fitar da guda mai kyau, ana watsar da ƙashi da gawayi. Wanda ya tona an ba shi kuɗin da bai kai shi wata damina ba. Kan yumɓun yana can cikin ɗakin wani a Turai, ba mai iya cewa daga wane kabari ya fito, ko wa ke kwance ƙarƙashinsa. A 1997 Nijar ta yi dokar kare kayan tarihi, ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba.

Saboda haka in kuna kiwo ko noma kuka ga tsingaro da yawa wuri guda, ko kashin maƙera, ko ƙashi da ruwa ya tone a bakin ƙorama, ku bar su inda suke. Ku lura da wurin: kusa da wane gawo, taki nawa daga wace rijiya. Ku gaya wa malami, shi ya gaya wa mai gari da hukuma.

Dutsenmu yana cikin akwatin aji. Yarinyar ta koma ta tambayi babanta, ta rubuta a takarda da hannunta: sunan fadamar, da watan da aka same shi, da zurfin gaba 2. Mun naɗe shi da takardar.

Tambayoyi

1. Don mi kiyashi suka rikice da malam ya goge daɓe?
2. Wane gwaji ya nuna wa Fabre ba da ido maza ke neman tamata ba?
3. Ina tsutsar kara take ɓuya da rani? A garinku, mi ake yi da karan hatsi bayan girbi?
4. Kawo abu uku da suka nuna akwai tafki a Gobero.
5. An auna wani gawayi, an ga kashi ɗaya cikin huɗu na karbon 14 ya rage. Shekara nawa ke nan da sare itacen?

Aikin yi

Ku kasu uku-uku. Ku sa ɗan sukari a kan takarda kusa da ramin kiyashi, yadda jerin zai ratsa takardar. In jeri ya kafu, ku juya takardar a hankali, gefen gabas ya koma kudu. Ku zana abin da kuka gani, ku rubuta minti nawa suka yi kafin su sami hanya.

A gida, ku gaida wani tsoho ko tsohuwa, ku tambaye su abin da suka sani game da gatarin aradu: inda ake samunsa, da abin da ake yi da shi. Ku saurara har su gama, kada ku yi musu gardama. Ku rubuta abin da suka ce da Hausa, layi 10, ku kawo ranar Littinin.